Da Sandar Fatsa a Tafkunan Kuza na Filato

Wanda ya ce zai tafi Jos hutu, abin da ake tsammanin ya dawo da shi shi ne dankalin Turawa da kabeji da karas da labarin sanyi. Kifi kuwa, a tunanin yawancinmu, na ƙasar kwari ne, na Yawuri da Argungu da Baga da Ibi, inda ruwa yake da faɗi kuma su ya zama sana'ar gado. Amma tudun Filato yana da ruwa fiye da yadda baƙo yake zato, saboda haka da na sami hutun ƙarshen shekara daga wurin aikina a Abuja, sai na ƙudura in yi shi a bakin waɗannan ruwaye, tare da ɗan kawuna wanda ya yi karatu a Ingila ya dawo da sha'awar kamun kifi da fatsa, ba don ci ko sayarwa ba, sai don nishaɗi kawai.

Daga Abuja hanyar tana bi ta Keffi da Akwanga, ta ɗan ratsa wani yanki na kudancin jihar Kaduna, sannan ta fuskanci Hawan Kibo, inda manyan motoci suke jan ciki a hankali, direban ƙaramar mota kuma yake tattara hankalinsa wuri ɗaya. A gindin hawan ne ruwan Assop yake zubowa daga kan duwatsu. Mun tsaya mun kalle shi, amma ko ɗan kawuna da yake ɗokin jefa ƙugiya a kowane kududdufi bai ciro sandarsa ba, domin ruwa ne mai gudu a kan dutse mai santsi, amfaninsa ga baƙo kallo da ɗaukar hoto. Da muka gama hawan muka wuce Riyom sai iska ta canza, kowa ya laluɓo rigar sanyinsa.

Garin Jos yana zaune a tsayin da ya haura mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun zarce mita 1,800. Daga wannan tudu ne manyan koguna suke samo asali, kamar kogin Kaduna da Gongola, da rafin Dilimi da ya ratsa tsakiyar gari wanda ruwansa yake gangarawa ta ƙasar Bauchi ya nufi tafkin Chadi. Sai dai a nan sama duk ƙananan rafuka ne, suna kumbura da damina su tsuke da rani, don haka mai neman kifi ba ya dogara da su. Abin da yake nema shi ne ruwan da ke tsaye, kuma mafi yawansa hannun mutum ne ya samar da shi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi da kewayensu, suka kawo manyan injuna masu yashe ƙasa, suka bar ramuka masu zurfi da tsibin jar ƙasa a gefensu. Harkar ta yi ta ja da baya har farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, ramukan kuma ruwan sama ya cika su suka zama tafkuna. Ɗaruruwansu suna warwatse a kan tudun, wasu a bayan gidaje, wasu a tsakiyar lambuna.

Mun sauka a gidan kawu a Gangare. Mahaifinsa yana cikin dubban Hausawan da aikin kuza ya jawo zuwa Jos, shi kansa kuma ya san yawancin tafkunan tun suna ramukan aiki. Bayan sallar isha ɗan kawuna ya tambaye shi inda ake yankar lasisin fatsa, ya kuma yi masa bayanin cewa a Ingila duk wanda ya kai shekara 13 ba ya jefa ƙugiya a ruwan daɗi sai da lasisin hukuma, ana rufe kamun yawancin kifayen kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni domin su hayayyafa, kuma ko da lasisin a aljihu sai mutum ya nemi yardar mai gaɓar da zai tsaya a kai. Kawu ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "To, na ƙarshen nan da ka faɗa shi ne namu. Kowane ruwa da ka gani a ƙasar nan yana da mai shi, ko da ba ka ga shinge ba. Da ɗan gari akan ci gari. Gobe ni zan kai ku."

Ba wai babu rubutacciyar doka ba ne. Akwai dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1992 a matsayin doka ta 108, kuma har yanzu tana cikin kundin dokokin Nijeriya. Ta wajabta lasisi a kan jirgin kamun kifi mai inji, ta ba kwamishinan da ke kula da harkar kifi a kowace jiha ikon bayar da shi, da ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara. Ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kimanin inci 3, in ban da ragar ƙananan kifayen nan irin na tafkin Kainji waɗanda dama ba sa girma. Ta kuma haramta kama kifi da nakiya ko guba ko wutar lantarki, tare da hukuncin tara ko ɗauri ko duka biyun, ta hana shigo da kifi mai rai cikin ƙasa ba tare da izinin minista ba. Duk wanda ya karanta ta zai lura cewa hankalinta yana kan masu taru da kalli da jirage, waɗanda kifi ne abincinsu da kasuwarsu. Mai sanda ɗaya da ƙugiya ɗaya da ya zo hutu, haramcin guba da sauransu sun hau kansa kamar kowa, amma iznin da zai buɗe masa bakin ruwa a aikace yana hannun wanda ke kula da wannan ruwan, kuma wannan ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Tafkin da kawu ya kai mu yana bayan Bukuru, a gefen wani ƙauye, lambunan tumatir da kabeji sun kewaye shi, injunan ban ruwa kuma suna ta ƙugi tun da sassafe. Ba mu nufi ruwan kai tsaye ba. Wurin mai unguwa muka fara zuwa, wani dattijo Birom mai Hausa tsantsa, wanda muka tarar yana jin ɗumin rana a ƙofar gidansa sanye da hular sanyi. Bayan an gama gaisuwa da tambayar iyali da sanyi, kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yana ne suka zo daga Abuja, suna son su ɗan taɓa ruwanku da ƙugiya, shi ne na ce sai an zo an gaishe ka." Dattijon ya dubi sandar ɗan kawuna mai ƙyalli da ƙaramin injin naɗe zare, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai ba baƙi ba ne tunda kai ka kawo su." Daga nan ya jero sharuɗɗansa ba tare da wata takarda ba. Kada mu jefa birgi ko wata raga, kada mu kusanci inda tiyon manoma ya shiga ruwa, ƙaramin kifi a mayar da shi, kada wanda ya shiga wanka ko da rana ta yi zafi, ɓangaren gabas kuma inda aka kafa turaku matasan ƙauyen ne suka sayo 'ya'yan tarwaɗa suka zuba, wanda ya kama a can sai an auna ya biya. Kawu ya miƙa masa ɗan abin goro, ya karɓa ya sa albarka, ya haɗa mu da yaro ya nuna mana hanya.

A ganina wannan tsari ya fi ƙarfin abin da baƙo yake ɗauka. Mai unguwa ya san wanda ya zuba kifi, ya san manomin da zai ji haushi idan zare ya sarƙe a tiyonsa, ya san gaɓar da ta taɓa zaftarewa, kuma babu takardar ofis da za ta gaya wa mutum ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rauninsa shi ne ya dogara ga sanayya, wanda ba shi da kawu a gari yakan rasa ta inda zai fara, kuma abin da aka yarda da shi a wannan tafki ana iya hana shi a na gaba wanda bai fi tafiyar minti goma ba.

A bakin ruwan muka sami wani tsohon masunci mutumin Yawuri, wanda ya daɗe da zama a yankin yana kama kifi a tafkunan bisa yarjejeniya da ƙauyuka. Kayan aikinsa ba su wuce gora doguwa ba, da zaren roba, da ɗan dunƙulen dalma, da gutsuren tsohon silifas da ya yanka ya ɗaura domin ya yi iyo a saman ruwa. Ɗan kawuna ya fara jefa kifin roba mai launi yana jawowa, ya yi ta yi babu abin da ya taɓa shi. Tsohon ya bar shi ya gaji, sannan ya ce, "Yaro, ajiye wannan. Kifin nan sanyi yake ji, ba zai bi abu da gudu ba. Ku jira hantsi ya dubi ludayi, ku ba shi tana." Maganarsa ta dace da abin da masana kiwon kifi suka sani, domin ƙarfasa kifin ruwa mai ɗumi ce, cinta yakan ragu sosai idan zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, a Jos kuwa daren hunturu yakan kusanci digiri 10. Saboda haka al'adar sammako da masu fatsa suka saba da ita a Abuja ko Lakwaja ba ta da amfani a nan cikin Disamba da Janairu, sai rana ta ɗaga ta dumama ruwan gefe inda ba zurfi.

Muka tono tana a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke bakin wani kwamin kabeji. Tsohon ya nuna mini yadda ake zura ta a ƙugiya a rufe ƙarfen gaba ɗaya a bar wutsiyar tana motsi, ya matsar da silifas ɗin sama har tsakaninsa da ƙugiya ya kai kamu biyu, ya nuna mini bakin wata ciyawa ya ce in sauke a hankali, kada in jefa. Na daɗe ina kallon gutsuren robar yana tsaye. Can sai ya ɗan girgiza, ya tsaya, ya sake girgiza, hannuna ya motsa, tsohon ya riƙe mini gwiwar hannu ya ce, "Tukuna, ɗanɗanawa take yi." Da robar ta karkata ta fara tafiya gefe tana nutsewa sai ya sake ni, na ɗaga sandar, zaren ya miƙe yana yanka ruwa. Ƙarfasa ce mai faɗin tafin hannu da rabi, jikinta da ratsi-ratsi masu duhu, ta miƙar da ƙayoyin bayanta. Ya koya mini in shafo su daga kai zuwa wutsiya su kwanta kafin in damƙe ta, in kuma jiƙa hannuna idan ina da niyyar mayar da kifi, domin busasshen hannu yana goge santsin da ke kare fatarsa. Ƙananan da suka biyo baya duk mun mayar da su kamar yadda aka sharɗanta.

Da muka zauna cin abinci na tambaye shi abin da ya fi ɓata ruwa a wurinsu. Ya ce guba. A da, in ji shi, ganyen majimfa ake dakawa a zuba, daga baya wasu suka koma maganin ƙwari irin Gamalin, wanda ba ya barin babba ba ya barin ƙarami, kuma ya taɓa ganin tafkin da aka yi wa haka da dare, gari ya waye kifi ya taso fari fat, shanu da mutane kuma suka daɗe ba su amfana da ruwan ba. Ya ce a ƙasarsu Sarkin Ruwa ne yake faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da za a fita, ya kawo misalin Matan Fada a Argungu, inda ake hana su a wannan yanki har sai lokacin bikin da aka fara tun 1934, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. Shi kansa ya ce yakan ɗaga wa tafkunan ƙafa da farkon damina, lokacin da tarwaɗa take hawa ciyawar da ruwa ya rufe domin ta zuba ƙwai, ko da babu wanda ya tilasta masa.

Akwai abubuwa biyu game da tafkunan kuza da bai kamata mai hutu ya yi wasa da su ba. Na farko zurfi. Ba kogi ba ne da mutum zai shiga ruwa ya kai masa idon sawu sannan gwiwa, yawancinsu bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ƙasar gefen kuma tsohon tarin haƙa ce da ke iya zubewa a ƙarƙashin ƙafa, ga ruwan ƙasa da sanyi mai ɗaure jijiya. An sha rasa rayuka a cikinsu, musamman yara da baƙi, don haka wanda ya je da iyali ya zaɓi gaɓa mai faɗi da 'yan gari suke tsayawa, kuma idan ƙugiya ta maƙale ya tsinke zaren ya haƙura. Na biyu shi ne ingancin ruwan. Masu bincike sun daɗe suna nazarin ƙarafa masu cutarwa a ruwan tsofaffin wuraren haƙa na Filato, ga kuma takin zamani da maganin feshi da ke gangarowa daga lambuna. Ni dai na ci abin da na ga mutanen ƙauyen suna ci, kaɗan, kuma ban ga dalilin da zai sa mai nishaɗi ya cika buhu da kifin irin wannan ruwa ya kai wa yara a gida ba.

Wanda ba shi da mai kai shi ƙauye, wurin shaƙatawa na Rayfield shi ne mafi sauƙi, domin shi ma tafkin kuza ne da aka gyara bakinsa aka sa jiragen yawo, ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, ma'aikatan wurin ne kuma ake tambaya inda aka yarda a jefa ƙugiya. Ranar aiki ta fi dacewa da mai fatsa, saboda a ranakun bukukuwa jama'a da jirage sukan cika wurin. Madatsun ruwan sha kuwa, irin su Liberty da Lamingo da madatsar Yakubu Gowon da ke Shen, suna ƙarƙashin hukumar ruwa ta jiha, kuma mun tsaya ga kallonsu daga nesa, domin ruwan da gari yake sha ba wurin da baƙo zai je da gwangwanin tana ba ne sai da yardar hukumar.

Daga baya mun nufi Panyam ta hanyar Mararrabar Jama'a da Barikin Ladi da Mangu. Yankin ya sha fama da rikici a shekarun nan, saboda haka kawu bai bar mu mun tashi ba sai da ya kira abokansa direbobi a tasha ya ji halin da hanya take ciki, ya kuma ce lallai mu dawo kafin magariba, kuma wannan shawara ce da zan ba kowa. A Panyam ne gonar kifin nan ta gwamnati take, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950, inda aka kawo wani irin kifi da ake kira kaf (carp) daga Turai saboda yana jure sanyin da ƙarfasa ba ta so. Gona ce, kifin cikinta dukiyar masu ita ce, mai son jefa ƙugiya sai ya fara da ofishinta. Mu a ƙaramin tafkin wani manomi da ke kusa muka gwada, bisa sharaɗin a auna abin da muka kama mu biya. A nan ne sandar ɗan kawuna ta yi ranarta. Ya cuɗa dusa da garin masara ya dunƙula a ƙugiya ya bar ta a ƙasan ruwa, domin kaf a laka yake kiwo, kuma da kifin ya ɗauka sai da injin naɗe zaren ya yi ta ƙara kafin a jawo shi gaɓa, mai kauri, ruwan zinariya, da 'yan gajerun gashin baki da manyan ɓawo a warwatse a gefensa. Manomin ya roƙe mu kada mu ɗauki mai rai mu zuba a wani ruwa, ya ce kaf yana birkita laka ya dagula ruwa har ya takura wa kifin da ya tarar.

Daga Panyam hanya tana gangarawa zuwa Shendam, zafi ya dawo, ta wuce zuwa gandun namun daji na Pandam a ƙaramar hukumar Qua'an Pan. Tafkin da ke cikinsa yana da dorina da kada da ayu, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A irin wannan wuri sanayya da goro ba su da aiki, abin da ke cikin gandu yana ƙarƙashin kariyar doka, izini kuma na jami'an gandun ne. Mun bar sandunanmu a mota muka zaga da ɗan rakiya.

A hanyar dawowa ɗan kawuna ya riga ya fara lissafin tafiya ta gaba, zuwa gandun ƙasa na Gashaka Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a Nijeriya, inda dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake. A can kogin Mayo Kam yana gangarowa daga duwatsu da giwan ruwa da tsage a cikinsa, kuma tunda gandun na tarayya ne, daga hedikwatarsa a Serti ake neman izini a kuma sami jami'in da zai raka mutum. Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya washe kuma mota take iya ƙetare rafuka. Ya ce kafin nan sai ya samo siririyar wayar ƙarfe da ake ɗaurawa tsakanin zare da ƙugiya, domin haƙoran tsage suna datse zaren roba a cizo ɗaya.